Me ya sa likitoci suka daina jira kafin su fara bai wa mai ɗauke da HIV magani?

Kafin shekarar 2015, idan aka gwada mutum a asibiti aka same shi da ƙwayar cutar HIV alhali jikinsa garau yake, ba lalle ba ne ya koma gida da magani. Akan ɗebi jininsa a ƙirga ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, idan adadinsu ya haura ma'aunin da aka gindaya sai a ce ya je ya dawo bayan wasu watanni a sake aunawa. Wani yakan dawo. Wani kuma ba a sake ganinsa sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga da tarin fuka ko sanƙarau. A yau kuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya ta ɗauka tun 2016, ita ce duk wanda aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar a fara masa magani, komai ƙarfin garkuwarsa, kuma in ya shirya, a ranar da aka ba shi sakamako.

Mai karatu zai so ya san abin da ya kawo wannan sauyi, domin an kwashe kusan shekara 20 masana suna ja-in-ja a kansa, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta raini ba ce. Sanin yadda aka warware taƙaddamar yana da amfani ga wanda ya kamu, ga matarsa ko mijinta, ga waliyyin da zai ba da aure, har ma ga limamin da ake zuwa wa da irin wannan magana a asirce bayan sallar isha'i.

Sai mu fara da abin da ke faruwa a jiki a makonnin farko, domin a nan hujjar take. Lafiyayyen mutum yana da ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, kuma su ne ke tsara wa sauran rundunar garkuwar jiki aikinta. Su ɗin ne HIV ke farauta. Da zarar ta shiga jiki, cikin 'yan kwanaki take isa ga kaluluwa da bangon hanji, inda mafi yawan waɗannan ƙwayoyi suke zaune, ta yi musu ɓarna mai yawa wadda ba ta gama gyaruwa ko da an daɗe ana magani daga baya. A wannan lokaci yawan ƙwayar cutar a jini yakan kai miliyoyi a cikin mililita guda. Mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, da yawa daga cikin mutane sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ciwon kai, kaluluwa ta kumbura, wani ƙuraje su feso masa, wani ya yi gudawa. A ƙasarmu duk wannan sunansa zazzaɓin cizon sauro ko taifot. A je kemis a sayo magani, bayan mako guda ko biyu jiki ya warware, a ce maganin ya yi aiki. Daga nan cutar takan lafa na shekaru, galibi takwas zuwa goma, tana cin garkuwar a hankali ba tare da wata alama ba. Idan CD4 ta sauka ƙasa da 200, ko wasu cututtuka na musamman suka bayyana, a sannan ake cewa mutum ya kai matakin ƙanjamau.

Akwai wani abu kuma da ke faruwa a waɗannan kwanaki na farko wanda shi ne ya hana a samu waraka har yau. Ƙwayar takan cusa bayanan halittarta a cikin na wasu ƙwayoyin CD4 da suke komawa su kwanta, ba sa aiki, ba sa mutuwa da wuri. Magani yana tare ƙwayar da ke hayayyafa ne, ba ya isa ga wadda ta ɓuya ta yi likimo. Masu bincike a Amurka sun gano wannan maɓoya a 1997, kuma lissafin da suka yi daga baya ya nuna cewa sai an shafe fiye da shekara 60 ana shan magani kafin ta ƙare da kanta. Wanda aka fara wa magani a makonnin farko maɓoyarsa takan zama ƙarama sosai idan aka kwatanta da wanda ya yi jinkiri, garkuwarsa kuma takan fi saurin komawa daidai.

To idan haka ne, me ya sa aka taɓa yin jira? Amsar tana cikin tarihin magungunan. Na farko, AZT, an amince da shi a Amurka a 1987, kuma shi kaɗai ba ya daɗewa ƙwayar take gane makamarsa ta bijire masa. A 1995 wani masani mai suna David Ho ya yi kira da a far wa cutar da wuri kuma da ƙarfi, sai ga shi a 1996, a babban taron da aka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada, an bayyana cewa haɗa magani uku yana danne ƙwayar har ta kasa ganuwa a gwaji. Mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe suka koma bakin aiki. Sai dai magungunan wancan zamani suna da nauyi ƙwarai. Mutum yakan haɗiyi ƙwayoyi fiye da goma a yini, wasu da abinci, wasu da yunwa, wasu sai a firiji. Wani irinsu, stavudine, yana zuƙe kitsen fuska da na hannuwa har a gane mai shansa daga nesa, yana kuma kashe jijiyoyin ƙafa. Wasu suna taɓa hanta da ƙoda. Ga tsada, domin kuɗin maganin shekara guda a ƙasashen Turai da Amurka ya kai dala 10,000 ko fiye. Likitoci da yawa suka ga babu hikima a ɗora wa mai lafiya wannan kaya tun yanzu, tunda zai iya shekaru kafin ya buƙace shi. Ga ƙasashe matalauta kuma akwai lissafin wanda ya fi cancanta: idan magani bai isa kowa ba, dole a fara da wanda ke bakin mutuwa. Shi ya sa ƙa'idar farko ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan CD4 ta 200.

Wannan matsayi ya fara girgiza ne daga wani bincike da ba a kan lokacin farawa aka yi shi ba. An kira shi SMART, ya ƙunshi mutum fiye da 5,000, kuma manufarsa a ga ko za a iya hutar da mutane daga magani idan garkuwarsu ta farfaɗo, don a rage musu illa da kashe kuɗi. A farkon 2006 aka dakatar da shi, domin waɗanda ake hutarwa sun fi kamuwa da ciwo, sun fi mutuwa. Abin da ya ba masana mamaki shi ne har ciwon zuciya da na hanta da na ƙoda, waɗanda ake ɗora wa maganin laifinsu, sun fi yawa a wajen waɗanda suka daina shan sa. Ashe ƙwayar da aka bari tana yawo a jini tana hura wutar kumburi a cikin jijiyoyi da gaɓoɓi ko da adadin CD4 yana da kyau. Bayan haka aka yi wani gwaji a Haiti da mutum 816, aka raba su gida biyu: waɗanda aka fara wa tun garkuwarsu tana tsakanin 200 da 350, da waɗanda aka bari sai ta sauka. A rukunin farko mutum 6 suka rasu, a na biyu 23. Hukumar ta ɗaga ma'auni zuwa 350 a 2010, sannan zuwa 500 a 2013.

Bincike biyu ne suka rufe ƙofar gardamar, dukansu a 2015. Na farko sunansa START, an yi shi a ƙasashe 35 da mutum 4,685, kowannensu CD4 ɗinsa ta haura 500, wato mutanen da a tsohuwar ƙa'ida ko kallon magani ba za su yi ba. Aka yi ƙuri'a: rabi su fara nan take, rabi su jira har ta sauka zuwa 350. An tsara binciken zai kai ƙarshen 2016, amma a watan Mayun 2015 kwamitin da ke sa ido ya ce bai halatta a ci gaba da hana rukuni na biyu magani ba. Mutum 42 ne suka kamu da ciwo mai tsanani ko suka rasu a cikin waɗanda suka fara da wuri, 96 a cikin waɗanda suka jira, wato haɗarin ya ragu da kashi 57 cikin 100. Cututtukan da suka fi bayyana su ne tarin fuka da wasu nau'o'in ciwon daji. Kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan masifu sun faɗa wa mutane ne a lokacin da CD4 ɗinsu take sama da 500. Ma'aunin da aka dogara da shi shekara da shekaru don a ce wa mutum "kana da sauran lokaci" bai kare kowa ba.

Na biyun ya fi kusa da mu, kuma a ganina ya fi dacewa da halin da muke ciki. Sunansa TEMPRANO, an yi shi a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa da mutum 2,056. A nan abin da ke kayar da masu ɗauke da HIV tun garkuwarsu da sauran ƙarfi shi ne tarin fuka da cututtukan da ke shiga jini, irin waɗanda suka yi katutu a Afirka ta Yamma. Fara magani da wuri ya rage haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa da kashi 44 cikin 100. An kuma gwada ba da maganin rigakafin tarin fuka, isoniazid, na wata shida, shi ma ya rage da kashi 35. Mutumin da yake zaune a Paris ko Landan zai iya jinkiri ya tsira saboda ba kasafai yake haɗuwa da mai tari ba. Wanda yake shiga motar haya cunkus, yake kwana ɗaki ɗaya da mutum shida, jinkirinsa ya fi tsada. A watan Satumban 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke ma'aunin gaba ɗaya, a 2017 kuma ta ƙara da cewa a fara cikin kwana bakwai da tabbatar da cutar. Togaciyar da likitoci ke kiyayewa ita ce ta wanda ya zo da sanƙarau na musamman da ke kama masu raunin garkuwa. Shi akan fara da maganin sanƙarau ɗin, a jinkirta na HIV mako huɗu zuwa shida, domin farfaɗowar garkuwa da sauri tana iya kumbura ƙwaƙwalwa.

Maganin kansa ma ya sauya. Abin da mafi yawan mutane ke karɓa yanzu a Najeriya da maƙwabtanta ƙwaya ɗaya ce a yini, mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wadda ma'aikatan lafiya ke kira TLD. A 2017 aka cim ma yarjejeniyar sayar da ita ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a kan kimanin dala 75 a shekara ga mutum guda. Tana da saurin danne ƙwayar, tana da wuyar bijirewa, kuma ba ta ɓata kamannin mai shanta. Hujjar masu cewa a jira ta dogara ne a kan illar magani da tsadarsa, duka biyun kuwa sun yi sauƙi.

Fara magani da wuri ba waraka ba ce

A nan dole a taka a hankali, domin labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na waɗanda aka ce sun warke. A 2010 aka haifi wata yarinya a jihar Misisipi ta Amurka, mahaifiyarta tana ɗauke da HIV ba ta sami magani ba lokacin goyon ciki. Likitar da ta karɓe ta ta fara mata magani uku tana da awa 30 a duniya. Da ta kai wata 18 aka daina kawo ta asibiti, magani ya yanke. Da aka sake ganinta, sai ba a sami ƙwayar a jininta ba. A 2013 labarin ya karaɗe duniya. Ta yi wata 27 babu magani babu alamar cuta, sannan a watan Yulin 2014 ƙwayar ta dawo, aka mayar da ita kan magani.

A 2013 ɗin dai masu bincike a Faransa suka ba da rahoton mutum 14, waɗanda aka fara wa magani cikin mako goma da kamuwa, suka sha na kimanin shekara uku, suka daina, kuma jikinsu ya ci gaba da riƙe ƙwayar shekaru bakwai da wani abu. Waɗannan su ake kira rukunin VISCONTI, kuma har yau ana nazarinsu don a gano sirrin. Amma su tsiraru ne. A Bankok ta ƙasar Tailan an sami mutanen da aka gano cutarsu a kwanakin farko-farko, tun kafin jiki ya fara ƙera abin da gwajin gama-gari ke nema, aka fara musu magani nan da nan. Bayan shekaru aka dakatar da maganin mutum takwas daga cikinsu ƙarƙashin kulawa sosai. Duka takwas ɗin ƙwayar ta dawo musu, galibi cikin wata guda. Saboda haka duk wanda ya fara, ya sani cewa tafiya ce ta tsawon rai har zuwa ranar da Allah zai buɗe wa masu bincike wata ƙofa. Abin da fara da wuri ke saya masa shi ne garkuwar da ba ta lalace ba, da tsawon rai wanda bincike a ƙasashe da dama ya nuna yana kusantar na wanda ba ya ɗauke da ƙwayar.

Ga jarirai lamarin ya fi gaggawa. Wani gwaji a Afirka ta Kudu da jarirai 377 ya nuna cewa fara musu magani kafin su cika mako 12 ya rage mace-mace da kashi 76 cikin 100. Jariri ba shi da shekarun lafawar nan da babba ke samu.

Inda maganar ta taɓa gidan aure

A 2011 aka bayyana sakamakon wani bincike mai suna HPTN 052, wanda aka yi da ma'aurata da abokan zama 1,763 a ƙasashe tara, akasarinsu masu aure, inda ɗaya yake ɗauke da HIV ɗayan ba ya ɗauke da ita. An sami mutum 28 da gwaji ya tabbatar daga abokin zamansu suka kamu. Ashirin da bakwai daga gidajen da aka jinkirta magani suke, ɗaya tak daga gidajen da aka fara da wuri. Da aka bi su zuwa 2015, ba a sami ko mutum guda da ya kamu daga abokin zaman da maganinsa ya riga ya danne ƙwayar ba. 'Yan kaɗan ɗin da suka kamu a rukunin masu magani, ko dai maganin bai gama kama jiki ba, ko kuwa ya daina aiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi a sarari cewa wanda yake shan maganinsa yadda ya kamata har ƙwayar ta kasa ganuwa a gwaji ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Yawanci ana kai wa wannan mataki cikin wata shida, kuma gwajin yawan ƙwayar a jini ne ke tabbatar da shi, jin ƙarfin jiki ba ya isa shaida.

A al'ummar da namiji kan zauna da mata biyu ko uku ko huɗu, kuma bazawara kan sake aure bayan idda, wannan lissafi yana ninkuwa. Magidanci guda da ya ɓoye sakamakonsa ya yi jinkirin shekara biyu, ba ransa kaɗai ya jefa a haɗari ba. Akwai uwargida da amarya, akwai cikin da za a ɗauka, akwai jaririn da za a shayar. Idan uwa ba ta shan magani, tsakanin 15 zuwa 45 cikin kowane jarirai 100 sukan kamu a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani adadin yana sauka ƙasa da biyar, kuma shawarar hukumar ita ce uwar da ke kan magani ta shayar da ɗanta aƙalla wata 12, tana iya kai wa shekara biyu.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta tattauna batun a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa wanda ya kamu daga cikin ma'aurata wajibi ne ya sanar da ɗayan, su taimaki juna wajen kariya. A zamanta na Abu Dabi a 1995 ta ƙara da cewa killace mai ɗauke da cutar daga jama'a ba wajibi ba ne, tunda ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci ko musafaha, cewa sa wa wani da gangan haramun ne mai jawo hukunci, kuma mace mai lafiya tana da haƙƙin neman rabuwa. Ya kamata a lura da shekarun: duka zaman biyu an yi su ne kafin 1996, lokacin da kamuwa da HIV ke nufin mutuwa cikin 'yan shekaru. Wajabcin sanarwa yana nan daram, babu abin da magani ya rage masa. Abin da ya sauya shi ne abin da za a faɗa bayan sanarwar. A da miji yana gaya wa matarsa ne cewa ajali ya kusanto gidan. Yanzu yana iya gaya mata cewa ga magani ya fara, ga ranar da za su je tare a gwada ta, kuma akwai hanyar da za su ci gaba da zama su haifi 'ya'ya lafiyayyu. Malamin da ake kawo wa irin wannan shari'a yana buƙatar sanin wannan kafin ya yi nasiha, kamar yadda yake buƙatar sanin hukuncin.

Akwai kuma batun gwajin kafin aure. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin a ɗaura aure. Mataki ne mai kyau, amma takardar tana da iyaka wadda mutane da yawa ba su sani ba. Gwajin nan na gaggawa da ake yi da ɗigon jini daga yatsa ba ƙwayar yake gani ba, yana neman martanin da jiki ya ƙera ne a kanta, kuma wannan yakan ɗauki daga mako uku zuwa wata uku kafin ya bayyana. Wanda ya kamu kwana goma kafin gwaji zai fito da takarda mai tsabta, alhali yana cikin makonnin da ƙwayar ta fi yawa a jikinsa kuma ya fi saurin yaɗa ta. Gwajin ɗakin bincike da ke neman wani sashe na ƙwayar kanta yana rage wannan tazara zuwa tsakanin kwana 18 da 45, wanda ke ƙirga ƙwayar kai tsaye kuma yana iya gani tun daga wajen kwana goma. Don haka wanda ya san akwai abin da ya faru da shi a watannin baya, ko ƙarin jini a inda ba a tantancewa, ko allura ko askar da aka yi amfani da ita ga wani, ko abin da yake tsakaninsa da Ubangijinsa, ya sake gwaji bayan wata uku. Ba a bukatar ya tona wa kansa asiri ga waliyyai kafin ya yi hakan. Wanda kuma abin ya same shi yanzu-yanzu, kamar ma'aikaciyar jinya da allura ta soke ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya na kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72.

Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi ƙarancin kaso, 0.6. Ƙarancin yana da nasa sharrin. Inda cuta ba ta da yawa, mai ita ya fi jin kaɗaici, ma'aikacin lafiya ya fi saurin cewa taifot ce, jama'a kuma sun fi saurin yanke wa mutum hukunci a kan yadda aka yi ya kamu, alhali a layin karɓar magani akwai matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, akwai saurayin da aka haifa da ita. Dokar hana nuna wa masu HIV wariya tana nan tun 2014, amma doka ba ta shiga zaure ko gidan biki. Jinkirin da ake yi yau, tunda likitoci sun daina nasu, daga nan yake fitowa: mutum ya karɓi sakamako ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce sai ya yi shawara, ko ya tafi wani gari mai nisa don kada a gan shi a layi, kuɗin mota ya gagara a wata na uku.

Wani kuma yakan karkata ga masu cewa suna warkarwa. Misalin da ya fi girma a yankinmu shi ne na Gambiya. A watan Janairun 2007 shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin tsirrai da addu'o'i, kuma sharaɗin shiga shirinsa shi ne a ajiye maganin asibiti. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakku, korarta aka yi daga ƙasar. Bayan ya bar mulki a 2017, waɗanda suka tsira suka fito suka ba da shaida a gaban hukumar binciken gaskiya cewa abokan jinyarsu da dama sun mutu, wasu kuma suka kai ƙara kotu. Irin wannan da'awa tana da tarko na musamman a yanzu: mutumin da ya yi shekara yana shan TLD, idan aka auna yawan ƙwayar a jininsa za a ce ba a gani ba, sai mai magani ya ɗaga takardar ya ce aikinsa ne. Bayan makonni da ajiye ƙwayoyin asibiti cutar za ta dawo, kamar yadda ta dawo wa mutanen Bankok. Addu'a da ruƙya ta shari'a ba su taɓa zama kishiyoyin neman magani ba a wajen malamai, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin da suka ce shari'a ta zo ta tsare. Wanda ya gindaya wa mara lafiya sharaɗin barin maganinsa kafin ya yi masa addu'a, a tambaye shi daga ina ya samo sharaɗin.

Saura tambayar da ake yawan yi idan Sha'aban ya raba tsakiya. Tunda ƙwaya ɗaya ce a yini, mai lafiyar da ke kan TLD yana iya azumi, ya mayar da lokacin shanta zuwa bayan buɗa-baki ko sahur, ya tsaya a kan lokaci guda har wata ya ƙare. Likitoci a Kano sun taɓa bin masu shan maganin a cikin Ramadan tun zamanin da ake sha sau biyu a yini, suka tarar azumi bai hana su kiyaye shi ba. Wanda aka fara wa magani kwanan nan yana fama da tarin fuka, ko garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, ko ƙodarsa tana da rauni, shi yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame, sai ya ji ta bakin likitansa kafin ya ɗauki niyya. Mai shan maganin tarin fuka da ke ɗauke da rifampicin akan ƙara masa dolutegravir sau biyu a yini, to tsarinsa daban ne. Sannan maganin ƙarin jini da na gyambon ciki irin na ruwa mai kauri, waɗanda ake yawan sha da buɗa-baki, suna riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. A sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu.